Wane ne Dodo? Wasannin Harbi na Kwamfuta Masu Salon Da a Ma'aunin Adabin Jarumta na Hausa, Daga Mahangar Yankin Yankara

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wani reshe na wasannin kwamfuta wanda ɗan wasa ke kallon duniya ta idon jarumi, makami a hannu, yana ratsa kufai da kurkuku yana fafatawa da dodanni da matsafa. An haifi reshen a Amurka a farkon shekarun 1990, ya kwanta dama, sannan aka farfaɗo da shi cikin tsohuwar kamarsa daga wajajen 2018. An auna shi da tatsuniya da kirari da littattafan jarumta na Hausa, tare da la'akari da halin da yankin Yankara da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa yake ciki, inda bindiga ta daina zama labari. Maƙalar ta nuna cewa tsohuwar kamar hoton da siffar dodo su ne shingen da ke raba wasan da rayuwa, kuma shingen ba ya tsayawa da zarar an ba dodo fuskar maƙwabci.

Fitilun kalmomi: wasan kwamfuta, almara, Dodo, kirari, Yankara

1.0 Gabatarwa

Garin Yankara yana cikin ƙaramar hukumar Faskari ta jihar Katsina, a kan hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Sheme ta nufi Tsafe da Gusau, daf da iyakar Zamfara. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce ta Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma ƙasa ce ta noma da kiwo wadda dazuzzukanta suka haɗe da na Zamfara da na Birnin Gwari. Shekaru da dama ke nan sunan yankin ba ya fita daga bakin masu karanta labarai, saboda hare-haren 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane. A daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 ranar 17 ga watan. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, sannan a watan Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, aka shafe watanni a haka.

Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa irin wannan wuri da maganar wasan kwamfuta. Amsar tana cikin aljihun samari. Wayar hannu ta kai wasannin harbi inda kwamfuta ba ta taɓa kaiwa ba. Free Fire ya fito a 2017, PUBG na waya a 2018, Call of Duty na waya a 2019, kuma duk sun sami karɓuwa a tsakanin matasan Arewa. A gidajen gem na garuruwa kuwa, inda ake biyan kuɗi a riƙe hannun PlayStation, ƙwallon ƙafa ce ke sarauta, sai wasannin dambe da na yaƙi su biyo baya. Ke nan yaron da ya kwana yana jin ƙarar harbi daga bayan gari zai iya wayar gari yana harbi da yatsa a fuskar waya, da makami mai suna da kama iri ɗaya da wanda ya hana shi barci. Manazarcin adabi da al'ada ba zai kau da kai daga wannan ba, kamar yadda bai kau da kai daga littattafan soyayya na Kano da finafinan Indiya masu fassarar Hausa ba.

An zaɓi reshen da ya fi nisa da kamannin zahiri, wato wasannin harbi na almara masu salon da, saboda shi ne ya fi kusa da abin da Bahaushe ya riga ya mallaka a rumbun adabinsa, kuma shi ne wanda matashi ɗaya mai ƙaramar kwamfuta zai iya gina irinsa.

2.0 Asalin Wasan da Yadda Yake

A irin wannan wasa ba a ganin jarumi. Abin da ke allon na'ura shi ne abin da idonsa ke gani, sai hannunsa da makaminsa da suka leƙo daga ƙasan allon. Idan ɗan wasa ya juya, duniya ce ke juyawa. Wannan hannu ya fara shahara ne a wasan Catacomb 3-D na 1991, inda hannun wani matsafi ke jefa dunƙulen wuta a cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Abin lura ne cewa tun daga tushe almara ta riga bindiga shiga wannan fage. Matasan da suka yi shi, cikinsu har da John Carmack da John Romero, su ne suka kafa kamfanin id Software, suka fitar da Wolfenstein 3D a 1992, sannan Doom ranar 10 ga Disamba 1993.

Doom ne ya kafa nahawun da ake bi har yau. Ana jefa ɗan wasa a farkon wani gini mai lunguna da yawa. Ƙofofi a kulle suke, mabuɗansu masu launi suna warwatse, kuma tsakaninsa da kowane mabuɗi akwai halittu masu neman ransa. Lafiyarsa lamba ce da ke raguwa daga 100, ba ta komawa sai ya tsinci magani a ƙasa. Akwai ɗakunan ɓoye a bayan bango ga mai lura. Idan ya kai ƙofar fita, sai a nuna masa lissafin abin da ya kashe da abin da ya tsinta da asirin da ya gano, a wuce da shi zango na gaba. Labari kaɗan ne: soja ne a sansanin da ke kan watannin duniyar Mas, an buɗe wata kafa, shaiɗanu sun kwararo.

Kamfanin Raven Software na jihar Wisconsin ya ɗauki injin Doom ya tuɓe masa kakin soja ya sa masa alkyabbar matsafa. Sakamakon shi ne Heretic na 1994 da Hexen na 1995, waɗanda su ne kakannin reshen da ake magana a kai. A Heretic, jarumi Corvus yana yaƙar matsafi D'Sparil da sanda mai tartsatsi da baka mai kibau uku, a cikin birane da suka zama kufai da majami'u da suka rushe. A Hexen ɗan wasa yana zaɓar ɗaya daga cikin mutum uku, mayaƙi ko malamin addini ko matsafi, kowa da makamansa da rauninsa. Quake na 1996 ya cakuɗa bindigogi da ganuwoyin zamanin da, Blood na 1997 kuma ya karkata ga maƙabartu da ƙungiyoyin asiri.

Daga nan kasuwa ta juya. Half-Life na 1998 ya shigo da labari mai tsari, Call of Duty da ya fara a 2003 ya mai da hankali ga soja da yaƙi mai kama da na gaske, har aka kai matsayin da ake ɗaukar ƙarar kowace bindiga daga bindigar ainihi. Kuɗin yin wasa ya hau, ma'aikata suka koma ɗaruruwa, dodanni suka ja da baya.

Dawowarsu ta zo ne ta hannun ƙananan masu ƙira. Dusk, wanda kusan mutum ɗaya, David Szymanski, ya gina shi, ya fito a ƙarshen 2018. Amid Evil ya biyo baya a 2019 yana bin sawun Heretic ƙarara, har da wani makami da ke fizgo duniyoyi daga sararin samaniya yana jifa da su. Wrath: Aeon of Ruin, wanda ya kammala fitowa a 2024, an gina shi ne a kan injin da ya samo asali daga na Quake. Waɗannan wasanni sun zaɓi hoto mai ɗigo-ɗigo da siffofi masu kaifin kusurwa alhali na'urorin yau na iya zana gashin gira ɗaya bayan ɗaya. Masu sha'awarsu sun laƙaba musu wani sunan zolaya da ke nufin wasan harbin dattawa. A 2025 ma an sake fitar da Heretic da Hexen a haɗe don na'urorin zamani.

2.1 Matsalar Suna

Sunan Ingilishi na wannan nau'i ya aro kalmarsa ta farko daga nahawu da nazarin labari, wato mutum na farko, mai cewa "ni". Fassara shi kai tsaye da "mai harbi mutum na farko" za ta sa Bahaushe ya zaci wanda ya fara harbi ake nufi. Don haka maƙalar ta fi natsuwa da "wasan harbi ta idon jarumi". Kalmar "almara" ta wadatar ga duniyar da aka ƙaga mai dokokin kanta, sai a ƙara mata "mai duhu" ko "ta firgici" don a nuna cewa mugunta ce ke da rinjaye a cikinta.

Kalmar da ta fi wuya ita ce ta salon. Ga Ba'amurke ko Bature ɗan shekara 40, hoto mai ɗigo-ɗigo yana tayar da begen ƙuruciya, lokacin da ake kwafar Doom a faifai ana miƙa wa aboki. Bahaushen Yankara bai yi wannan ƙuruciya ba. Wanda ya yi sa'a a cikin tsaransa ya san Sega da akwatin da ake cusa wa kaset a birni, mafi yawa kuwa wasan maciji na wayar Nokia ne farkon abin da suka taɓa. Idan aka ce "tsohon yayi", an shigo da raini, domin tsohon yayi abin da aka bari ne. "Salon da" ya fi dacewa, kamar yadda ake cewa ɗinkin da ko ginin da, abin da mai hali ke nema da gangan. Amma sai a sani cewa begen da ke sayar da waɗannan wasanni a Turai ba zai yi tafiya zuwa ƙasar Hausa ba. In za su sami gindin zama a nan, wani dalili ne zai zaunar da su.

3.0 Zumuntarsu da Adabin Jarumta

Dalili na farko shi ne muryar "ni". Kirarin mafarauta da na 'yan tauri da na 'yan dambe duk da wannan murya ake yin su: mai kirari yana tsakiyar duniya, kowa da komai ana auna shi ne da ƙarfinsa. Rubutaccen ƙagaggen labari na Hausa ma da ita ya buɗe ido. A cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar ƙarƙashin Rupert East, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam jaruminsa ne ke ba da labarin yawonsa da bakinsa, haka kuma Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara. Ganɗoki ya fi kowanne kama da abin da ake nazari a nan. Jarumin ya faro daga yaƙin tarihi da Turawan mamaya, ya zarce ƙasashen aljanu, yana fita daga wannan gumurzu yana faɗawa wancan, kuma kowane abokin karo ya fi na baya. Wanda ya san tsarin zango-zango na Heretic, inda kowane babi ke ƙarewa da babban abokin gaba, ba zai ji baƙunta ba. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya bi wannan turba, daga baya kuma littattafan yaƙi na kasuwar Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, suka cika ta da matsafa da takubban sihiri da biranen da babu su a taswira. Masu karanta waɗannan littattafai sun riga sun san almara mai duhu, ko da ba su ba ta suna ba.

Tarihin baka ma yana da irin wannan gini. Labarin Bayajida a Daura yana da dukkan sassan zango guda: wuri ƙuntatacce, wato rijiyar Kusugu; halitta da ta tare wa jama'a abin bukata; baƙo da makami na musamman; da kan macijiya a matsayin shaidar nasara, wanda ya buɗe masa ƙofar fada.

Inda zumuntar ta fi ban mamaki shi ne kayan tsari. Heretic yana da jakar da ɗan wasa ke tara abubuwan asiri yana amfani da su lokacin da ya ga dama, kuma kusan kowane ɗaya yana da ɗan'uwa a cikin magungunan jarumta na Bahaushe. Akwai dunƙulen da ke mai da jarumi inuwa har abokan gaba su riƙa kuskurensa, wanda aikinsa bai bambanta da abin da ake faɗa game da layar zana da baduhu ba. Akwai zoben da ke hana makami tasiri na ɗan lokaci, wato aikin da ake jingina wa maganin ƙarfe na 'yan tauri da kaudabara. Akwai abin da ke ɗauke mutum daga tsakiyar haɗari ya mai da shi mafarin zango, kamar yadda ake ba da labarin mazajen da ke ɓacewa idan an rutsa da su. Akwai ma ƙwan da ake jifan abokin gaba da shi ya rikiɗe ya zama kaza, abin da duk yaron da ya saurari tatsuniyar rikiɗa zai yi wa dariyar sanayya. Sagau da shashatau kuwa, wato wanda ke sa hannun mai sara ya sage da wanda ke sa mai nema ya shashance, ba su da takwarori na kai tsaye a Heretic, kuma kowane mai ƙirar wasa zai yi murna da samunsu. Mai fassara wannan wasa zuwa Hausa ba zai bukaci ƙirƙirar kalmomi da yawa ba. Yawancinsu suna nan a bakin tsofaffin mafarauta.

Sai dai a nan ne ya kamata a fara taka-tsantsan. Zoben Heretic yana aiki kowane lokaci, na daƙiƙoƙi ƙidayayyu, domin lissafi ne. A dazuzzukan da ke tsakanin Katsina da Zamfara, laya da guru da kambu suna jikin mutane na gaske a ɓangarorin biyu na faɗan, kuma an binne da yawa da layunsu a ɗaure. Abin da yake ado a wasan Amurka, a Faskari magana ce da wani ya jingina ransa a kanta.

4.0 Shingen da ke Tsakanin Wasa da Rayuwa

Tatsuniya ba ta farawa sai an buɗe ta da "ga ta nan", ba ta ƙarewa sai an rufe ta da "ƙurunƙus", kuma al'ada ta keɓe mata dare, har ana tsorata yara da cewa mai yin ta da rana zai ɓata. Waɗannan duk shinge ne. Suna shaida wa mai sauraro cewa abin da ke ciki, komai muninsa, ba a nan yake faruwa ba. A cikin shingen Dodo na iya haɗiye gari guda, a farke cikinsa mutane su fito da ransu.

Hujjar wannan maƙala ita ce hoto mai ɗigo-ɗigo yana yin aikin "ga ta nan". Jinin da ke cikin Heretic jajayen murabba'ai ne, halittunsa zane ne shimfiɗaɗɗe da ke juyowa duk inda aka kalle shi, makamansa kuma babu mai sayar da su a kowace kasuwa. Ido ba ya mantawa ko na ɗan lokaci cewa ƙage ne. Wasannin soja na zamani sun bi akasin wannan hanya: burinsu shi ne a manta da shingen. Suna kawo AK-47 da sunanta da nauyin ƙararta da yadda take harbawa baya, abokin gaba kuma mutum ne mai tafiya kamar mutum. Idan aka dubi lamarin daga Yankara, wasan da ke cike da shaiɗanu da ƙoƙunan kai ya fi nisa da ciwon jama'a a kan wanda ake ɗauka ya fi wayewa.

Wannan ba ya nufin wasa ne ke haifar da ɗan bindiga. An daɗe ana wannan muhawara a Amurka, musamman bayan kisan makarantar Columbine a 1999, da aka gano maharan masu son Doom ne. Binciken da Andrew Przybylski da Netta Weinstein suka wallafa a 2019 a kan matasan Birtaniya kimanin 1,000 bai sami alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da halin faɗa ba, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka kuma ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar ɗora wa wasanni alhakin ta'addanci. Rikicin Arewa maso Yamma yana da sanannun tushe: rigimar gona da burtali, satar shanu, rashin adalci wajen shari'a, ramuwar gayya, kwararar makamai, da kuɗin fansa. Ɗora shi a kan waya zai zama gudun gaskiya. Amma waɗancan binciken an yi su ne a kan yaran da harbi bai taɓa tashinsu daga barci ba, don haka ba su amsa tambayar da ta fi damun malamin makaranta a Ƙanƙara ba, wato abin da hoton ke tayarwa a zuciyar yaron da ya riga ya gani da idonsa.

Shingen yana da ƙafa ta biyu, ita ce siffar abokin gaba. Doom da 'ya'yansa sun kauce wa tambayar halaccin kisa ta hanyar cire mutuntaka daga wanda ake harbi. Shaiɗan ba shi da uwa, ba shi da ƙauye, ba a zaluntarsa. Tarihin wasanni ya nuna abin da ke faruwa idan aka zare wannan ƙafa. A 2002 wata ƙungiyar masu fifita farar fata a Amurka ta fitar da wasan harbi mai suna Ethnic Cleansing, inda baƙaƙen fata da Yahudawa suka maye gurbin dodanni. A 2009 Resident Evil 5 ya sha suka saboda hoton Bature yana harbin taron 'yan Afirka da cuta ta haukatar. Injin bai canza ba, fuskar da aka liƙa masa ce ta canza.

Ga mai son gina irin wannan wasa da Hausa, jarabawar a bayyane take. Abu mafi sauƙi, kuma mafi saurin samun kasuwa, shi ne a sa daji, a sa babura, a sa wa abokin gaba rawani da sanda da wani lafazi. An riga an yi makamancin haka a Legas da wasan waya mai suna Sambisa Assault a kan yaƙi da Boko Haram. A yankin Faskari da Sabuwa wannan zai zama zuba fetur a wuta, domin rikicin ya riga ya ɗauki launin ƙabila a bakin mutane da yawa, alhali Fulani makiyaya suna cikin waɗanda aka fi sace wa shanu aka kuma kashe, kuma Hausawa suna cikin masu kai rahoto da masu sayar wa daji kaya. Wasan da zai koya wa yatsa cewa duk mai wannan kama abin harbi ne ya fita daga tatsuniya. Haka nan maita. Maye abokin gaba ne da ya dace da almara mai duhu, amma zargin maita a ƙasar Hausa yana sauka ne a kan mutane masu rai, galibi tsofaffin mata marasa gata, kuma yakan kai ga duka ko kora ko abin da ya fi haka.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi zurfi. Wasan harbi aikatau ɗaya ya sani, shi ne "harba". Dodon tatsuniya kuwa yana magana. Yana ƙulla alkawari da mace a bakin kogi ya dawo neman cikawa, yana aron siffar kyakkyawan saurayi ya auri budurwar da ta raina samarin garinsu, yana zama suruki. Sau da yawa ba ƙarfi ke kayar da shi ba, wayo ne, ko waƙa, ko taimakon wata ƙaramar halitta da aka yi wa alheri a hanya. A bori ba a kashe iska, ana sanin sunanta da abin da take so a zauna lafiya da ita. A Musulunci kuma aljanu halittu ne masu hankali da hisabi, cikinsu akwai muminai, kamar yadda Suratul Jinn ta bayyana, saboda haka mai da su tarin abin harbi zai gamu da tambayar malamai tun kafin ya gamu da ta manazarta, balle a ce jarumin da tsafi yake yaƙi. Duniyar ɓoye ta Bahaushe cike take da ciniki da sulhu da yaudara. Ko a zahiri, jama'ar wannan yanki sun ga hanyoyin biyu: sulhun da gwamnatin jiha ta gwada a 2016 da 2019, rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoba 2023, da zaman sasanci da al'ummomi suka yi da 'yan daji a 2025, wanda har yau ake saɓani a kan amfaninsa. Mutanen da ke cikin wannan muhawara dare da rana sun fi ƙarfin labarin da amsarsa ɗaya ce.

5.0 Abin da Ginawa ke Bukata

Ta fuskar kayan aiki, babu reshen wasa da ya fi wannan sauƙin shiga. Kamfanin id Software ya saki asalin rubutun manhajar Doom ga jama'a a 1997, ya kuma sanya shi ƙarƙashin lasisin kyauta a 1999. Tun farko an raba injin da kayan cikinsa: taswira da zane da sauti suna cikin wani kundi daban da ake kira WAD, wanda kowa zai iya musanyawa. Daga nan aka sami injuna irin su GZDoom da ake gina sababbin wasanni a kansu har ana sayarwa, da kuma Freedoom mai ba da zane da sauti kyauta. Kason farko na Doom da aka raba kyauta bai kai megabayit uku ba, wato bai kai girman waƙa ɗaya a waya ba. Ba ya neman intanet, ba ya cin batir kamar manyan wasanni, kuma ana iya tura shi daga waya zuwa waya kamar yadda masu tura finafinai ke yi a kasuwanni. A watannin 2021 da aka katse sadarwa, duk wasan da ke dogara da haɗuwa ta intanet ya mutu a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Irin wannan da zai ci gaba da aiki muddin akwai caji.

Misalin fassarar finafinai, irin ta Algaita, ya nuna cewa masu sauraron Hausa suna karɓar baƙon abu idan aka sa masa harshe da barkwancin gida. A Kamaru, kamfanin Kiro'o ya fitar da Aurion a 2016 bisa almarar da ya gina daga al'adun Afirka. Kayan gini na gani ma ba su da wuya: ganuwa da ƙofofinta, zaure da soro, rijiya, kukoki, duwatsu irin na Kwatarkwashi da ke kan hanyar Gusau, da kufan biranen da aka tashi. Lungunan tsohon birni, masu karkacewa da ƙarewa a bango, sun fi kowace majami'ar Turai dacewa da taswirar Doom.

Shi kansa aikatau ɗin nan guda ɗaya ana iya sauya shi ba tare da an taɓa injin ba. Wani kamfanin abincin karin kumallo a Amurka ya taɓa raba wasan Chex Quest a cikin kwalayensa. Doom ne sak, amma makamin da ke hannun jarumi ba ya kisa, yana mai da halittun ne duniyar da suka fito. Yara sun buga shi da irin zumuɗin da manya suka buga na asali. A harshen tatsuniya, wannan shi ne a kori Dodo ya koma ruwa, ko a farke cikinsa a fito da waɗanda ya haɗiye. Na biyun ya fi jan hankali idan aka tuna inda ake magana, domin lissafin ƙarshen zango zai tashi daga adadin waɗanda aka kashe ya koma adadin waɗanda aka dawo da su gida, kuma a injin Doom wannan canjin ƙidaya ne kawai da rubutun da ke samansa.